Mushen da Na Aika Gida Daga Baku

Wari ne ya fara tarbata a Baku, tun kafin in ga fuskar mutum ɗaya. Ana buɗe ƙofar jirgi iska ta kwaso shi ta cusa min a hanci, na ce a raina, ai kuwa na san wannan, warin kayan aikin Baba ne. Mahaifina direba ne, Malam Idi, mutumin Ringim, kuma tun kafin a haife ni yake tuƙa wani Alhaji mai gidajen mai a unguwar Nassarawa ta Kano. A boskwatan gidan aka haife mu, a nan muka tashi tsakanin gareji da bishiyoyin mangwaro. Alhajin ne ya ga kaina yana ja a kimiyya, ya ɗauki nauyin tura ni ƙasar Azarbaijan in karanto ilimin mai, wai a samu ɗan gida ɗaya da ya san abin da ake sayarwa. Saboda haka warin bai dame ni ba, har ma ya ɗebe min kewa. Abin da ya dame ni shi ne babu wanda ya zo ɗaukata.

Ejan ɗin da ya shirya min tafiyar, wani mai sanyin murya da ofis a Legas, ya rantse min cewa akwai mota, akwai ɗaki, har da wani ɗan Najeriya da zai tsaya riƙe da kwali mai sunana. Na tsaya ina karanta kwalayen mutane ɗaya bayan ɗaya har suka ƙare, masu shara suka fara zagaye ƙafafuna da tsintsiya. Ga gajiyar zaman benci a filin jirgin Istambul ba ta sake ni ba, ga yunwa. Daga ƙarshe na miƙa wa wani direban tasi adireshin da ejan ya ba ni, ya gyaɗa kai kamar gidan ubansa ne. Ni ɗan direba ne, na san in ana zagaye da mutum. Wani mutum-mutumi mai ɗaga hannu sai da muka wuce shi har na fara gaishe shi a zuciyata. Amma da wane baki zan yi ƙorafi? Ba na jin yarensa, ba ya jin nawa, ya ci rabonsa ya sauke ni.

Adireshin kuwa shagon aski ne. Na shiga da akwatina na nuna wa mai askin takardar, ya duba ta, ya dube ni, ya duba wanda yake yi wa aski, sai duk suka fashe da dariya. Ni ma da na ga babu abin yi sai na taya su. Ashe ba ni ne na farko ba, an sha turo masa baƙaƙen yara da akwati. Ya zaunar da ni, ya ba ni shayi a wani ɗan kofin gilashi mai ƙugu, ya gama askinsa a tsanake, sannan ya ɗauki akwatina a kafaɗa ya kai ni gidan gwaggonsa.

Sunanta Zarifa, amma kowa Hala yake ce mata, wato gwaggo a yarensu. Tsohuwa ce gajera mai haƙorin zinare, mijinta ya rasu a aikin rijiyar mai, 'ya'yanta sun watse neman abinci. Tana da ɗaki mai gado biyu, ɗaya akwai mai shi, wani dogon ɗalibi ɗan Senegal mai suna Mustafa, ɗayan ya zama nawa. Hala ba ta tambaye ni komai ba. Ta taɓa rigar sanyin da na sayo a kasuwar Kwari ina alfahari da ita, ta girgiza kai, ta shiga ciki ta fito da kwat ɗin marigayi mijinta. Hannun kwat ɗin ya wuce yatsuna, amma da shi na ci sanyin ƙasar nan.

Unguwar tamu a bakin gari take, kuma mai ake haƙa a tsakiyarta. Ta tagar ɗakinmu kana ganin injinan tsotso mai tsakanin gidaje, suna sunkuyawa suna ɗagowa dare da rana, yara na buga ƙwallo a gindinsu, mata sun shanya kaya a kan shingensu. Ni da na taso ina ganin Baba yana kwana a layin mai, sai ga shi yana tsattsafowa daga ƙasa a bayan gida, kaji na tsallake shi. Na yi ta kallo har Mustafa ya ce in rufe tagar kada iska ta kashe mu.

Kewar gida kuwa ba a magana. Na yi kewar tuwon Inna, na yi kewar kiran salla daga masallatan Giginyu da Badawa suna shiga cikin juna, har ƙarar janaretan maƙwabta na yi kewa. Maganinta ɗaya ne, ranar Juma'a. Akwai wani shagon waya a bakin titi inda ake sayen kati a buga ƙasar waje. A gida kuma lokacin wayar hannu ta shigo ke nan, kuma a duk boskwatocin layinmu mutum ɗaya ce ke da ita, Malama Rifkatu, wata malamar firamare 'yar Wusasa da ke zaune a gidan da ke jikin namu. Duk Juma'a bayan la'asar sai ta kawo wayar ta zauna a tabarmar Inna ana jiran kirana. Ita ce ta gaya min daga baya cewa Baba da hannu biyu yake riƙe wayar, kuma yana ɗaga murya daidai nisan ƙasar da nake.

Dole in faɗi wani abu game da Baba, in ba haka ba ba za a gane abin da ya biyo baya ba. Mutum ne mai tsananin kula da tsarki. In kaza ta gifta ta gefen tabarmarsa sai ya duba inda ta taka. Lokacin kuma an ƙaddamar da Shari'a ba da daɗewa ba, ga mulkin farar hula ya dawo baki ya buɗe, kowa a Kano ya zama mai tambaya. Rediyo daga safe har yamma mene ne hukuncin kaza, mene ne hukuncin kaza. Baba yana jiran Alhaji a mota yana saurare, bai bar ko ɗaya ya wuce shi ba.

Wata Juma'a, ina cikin watannin koyon yare ko ajin kimiyya ba mu shiga ba, bayan gaisuwa sai ya ce, “To Kabiru, an fara gaya muku daga ina man nan yake fitowa? Na tsufa ina ɗura shi, ban taɓa sanin uwarsa ba.”

Ɗan da aka tura ƙasar waje ba ya cewa bai sani ba. Na tuna wani hoto da na taɓa gani a littafin sakandare, na wasu ƙattin dabbobi masu dogon wuya. Na gyara tsayuwa na ce, “Baba, ai mushe ne. Manyan dabbobi ne na zamanin da suka mutu, ƙasa ta binne su, suka narke suka zama mai.”

Ya ce, “Mushe?”

Na ce, “Mushe, Baba.”

A nan katin ya ƙare. Ni dai dabbar da ta mutu ba wuƙa ba ni da wani suna da zan kira ta da Hausa sai wannan. Na fito daga shagon ina taƙama cikin kwat ɗin mijin Hala, ina jin na burge tsoho.

Ba a daɗe ba muka shiga aji sosai, kuma a nan na kamu da son karatun, so na gaske. Malaminmu wani tsohon farfesa ne mai kunne ɗaya, ɗayan rijiya ta fashe kusa da shi tun yana saurayi ta kashe masa shi. Ranar farko ya jera kwalabe a kan tebur, wani mai baƙi ƙirin mai kauri kamar maɗi, wani ruwan zuma, wani kore-kore, ya ce duk ɗanyen mai ne. Ya ce abu biyu ne ƙashin bayansa, kabon da haidurojin, suna sarƙe da juna kamar 'ya'yan carbi. In carbin gajere ne sosai sai ya zama iskar gas ta girki. In ya ɗan ƙara tsawo fetur ne, gaba kaɗan kananzir da man jirgin sama, sai dizal, sai baƙin man inji, can ƙarshe masu tsawon da ba sa iya motsi su ne kwaltar titi. Aikin matata shi ne ta raba su. Ana dafa ɗanyen man ya zama tururi a tura shi cikin wata doguwar hasumiya mai zafi a ƙasa da sanyi a sama, marasa nauyi su haye, masu nauyi su zauna, a tare kowanne a hawansa. Na ce ashe shiƙa ce irin ta Inna, ƙaiƙayi ya tashi tsaba ta zauna.

Da ya ji daga Najeriya nake sai ya zo ya dafa kafaɗata ya ce manmu mai zaƙi ne. Na ɗauka zolaya ce. Ashe haka masu sana'ar ke cewa, man da farar wuta ta yi ƙaranci a cikinsa shi ne mai zaƙi, wanda ta yi yawa mai tsami, wai mutanen da da harshe suke ɗanɗanawa. Na ce masa mahaifina ya sha zuƙo fetur da tiyo lokacin wahalar mai, ya sha haɗiye shi bisa kuskure, amma bai taɓa cewa ya ji zaƙi ba. Sai da na maimaita a kunnensa mai ji, ya yi dariya har da buga tebur.

Juma'ar da ta biyo baya aka ce min Baba ya fita. Ban kawo komai a raina ba, na zazzage wa Inna sabon ilimina. Na ce mata butar robarta daga mai aka yi ta, haka tabarmar roba, da silifa, da leda, da bokiti, da kyandir, da basilin da take shafa wa ƙafa, har carbin da Alhaji ya kawo wa Baba tsaraba daga Makka. Inna ta yi ta cewa ikon Allah. Kuma da yake ita ba ta ɓoye wa mijinta komai, yana dawowa ta kwashe duka ta faɗa masa.

Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, kullum Baba ya fita. Sanyi ya shigo gadan-gadan, iskar garin nan mai ture mutum a titi ta taso, na ga dusar ƙanƙara karo na farko na yi murna kwana ɗaya na tsane ta sauran kwanakin. Sai wata rana Malama Rifkatu ta ɗauki wayar ta ce kafin ta ba Inna tana da magana. Ta tambaye ni me na gaya wa Baba. Ta ce ya kwashe duk wani abin roba daga ɗakinsa, ya sayo butar ƙarfe da buzu, ya rataye carbin Makka a ƙusa ya koma ƙirga da yatsu. Ya hana kunna risho, Inna ta koma hura itace a bayan boskwata, hayaƙi na shiga falon Hajiya matar Alhaji. Tuƙi dai yana yi don amana ce, amma ba ya taɓa murfin tanki, kuma kafin kowace salla sai ya yi wanka ya canza kaya. Ta ce ya rame, ba ya hira, ita har ta ɗauka ciwo ne.

Na roƙe ta ta nemo min shi ko yana ina. Ashe yana zaune a ƙofar gareji, duk Juma'o'in nan ma a can yake. Ya karɓa, muka gaisa, muryarsa a ƙasa, ba irin wadda na sani ba. Na ce masa ya je ya tambayi liman mana.

Ya ce, “In na tambaya ya ce najasa ne, ka san abin da na jawo wa garin nan? Wane ne bai taɓa mai ba a Kano? Ga Alhaji, da shi yake ci da mu duka. Ni dai na ji, ba zan iya yin kamar ban ji ba. Amma ba ni zan kai maganar nan masallaci ba.”

Na fara kame-kame, ya katse ni. Ya ce, “Ka gama jarrabawar da ke gabanka, kada a ce mun yi wa Alhaji butulci. Sannan ka haɗo kayanka. Ba da yawuna za ka zauna kana karatun mushe ba.”

Wanda bai san gidanmu ba zai ce sai in yi zamana, wa zai zo Baku ya ɗauke ni? Amma mu in Baba ya ce a dawo, dawowa ake yi. Ban taɓa tunanin wata hanya ba, kuma ko da na zauna, karatun da babu albarkarsa a ciki ban san me zan yi da shi ba. Na ji baƙin ciki iri biyu, na karatun da na fara so zai kuɓuce min, da na tsohon da ke can shi kaɗai yana ɗauke da sallar mutanen Kano gaba ɗaya a kansa.

Na shiga ɗakin karatu neman mafita. Abin da na fara ganowa shi ne ƙattin dabbobin nan nawa babu ruwansu da mai, sharri na yi musu. Littattafai suka ce wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne da ido ba ya gani, da gansakuka, suka mutu laka ta rufe su inda iska ba ta shiga, nauyi da zafin ƙasa suka dafa su shekaru miliyoyi. Na ruga shagon waya da wannan. Na ce wa Baba ƙanana ne ƙwarai, ya ce ɓera ma ƙarami ne. Na ce an yi shekaru miliyoyi, ya ce shekaru ba sa yanka dabba. Na kawo kabon da haidurojin, ya ce bai san su ba, kuma da farko na ce manya yanzu na ce ƙanana, wanne zai ɗauka? Littattafan sun faɗi inda halittun suka rayu, amma ni na ɗauke shi ƙarin bayani ne marar amfani, ban ko ambata masa ba.

Ga damuwa ga sanyi, sai mura ta kwantar da ni, tari kamar ƙirjina zai tsage. Hala ta shigo ta taɓa goshina, ta fita ta dawo da wata kwalba. Tana buɗewa na gane abin da ke ciki. Akwai wani gari a ƙasar da ake zuwa a yi wanka cikin wani irin ɗanyen mai don ciwon gaɓoɓi, ita kuma duk shekara tana zuwa saboda gwiwarta, ta taho da guzuri. A wurinta maganin komai ne. Na yi ta nuna mata da hannu cewa a'a, ta ɗauka kunya ce, ta sa Mustafa ya danne ni, ta mulke min ƙirji da baya, ta naɗe ni da bargo. Na kwanta ina wari kamar gareji, ina tunanin Baba can yana gudun murfin tanki, ga ɗansa nan an shafe shi da abin tun daga wuya har cibiya. Dariya ta kama ni, tari ya biyo ta, hawaye suka biyo tarin. Ban sani ba ko man ne ko miyar kazar da ta yi ta ɗura min, amma na warke.

Ana saura kaɗan jarrabawa farfesa ya kwashe mu, har da Mustafa da muke aji ɗaya, a wata tsohuwar bas zuwa wasu duwatsu a wajen gari. Ƙasa ce busasshiya, babu itace babu ciyawa, ga laka mai sanyi tana ɓulɓulowa daga wasu 'yan tuddai tana fitar da gas. Ya sa muka hau har sama muna haki, ya ɗauki guduma ya fasa wani dutse ya miƙa min ɓari ɗaya. Cike yake da bawon katantanwa, ƙanana birjik, a kan tudun da ko kududdufi babu. Ya ce duk inda muke tsaye ƙasan teku ne a da. Ya ce mai ba tafki ne a ƙarƙashin ƙasa ba, yana cikin ƙofofin dutse ne kamar ruwa a soso, yana tsiyayowa sama har ya tarar da dutsen da ba ya ɓulewa ya tsaya, a nan ake haƙa a same shi. Da muka koma makaranta ya sa wani siririn yankin baƙin dutse a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, muka leƙa ɗaya bayan ɗaya. Na ga 'yan halittun da idona, wasu kamar tauraro, wasu kamar ƙwayar gero. Na daɗe ina kallo har na bayana ya taɓa ni, don a zatona kallon ban kwana nake yi musu.

Washegari da rana Hala ta soya mana kifi. Mustafa ya ga ina juya cokali ba na ci, ya matsa min da tambaya. Duk tsawon lokacin nan ban gaya masa ba, kunya nake ji a ce ga abin da zai mayar da ni gida. Ranar dai na kwashe komai na faɗa masa, da guntun Turancinsa da guntun Larabcina, tun daga mushe har butar ƙarfe. Shi ɗan malamai ne a garinsu. Ya saurare ni har ƙarshe fuskarsa a ɗaure, sai na ga kafaɗunsa sun fara rawa. Ya yi dariya har ƙaya ta kusa maƙale masa, Hala ta zo tana dukan bayansa tana harararmu.

Da ya samu numfashi ya nuna farantina ya ce, “Wa ya yanka wannan kifin da ke gabanka?”

Na ce ai kifi ba a yanka shi.

Ya ce, “To jiya a kan dutse farfesa ya ce a ina suka mutu?”

Na ajiye cokalin. Duk yaron da ya zauna gaban malam ya karanta babin tsarki ya san mataccen ruwa mai tsarki ne, halal ne, ba ya bukatar wuƙa. Ni ma na karanta, da bulala ma aka koya min. Amma na ajiye wannan a aljihu ɗaya, kimiyya a ɗaya aljihun, ban taɓa haɗa su ba. Na tashi na rungume Mustafa, na rungume Hala da ba ta san me ake ciki ba, na cinye kifina na ƙara da rabin nasa.

Ban iya jiran Juma'a ba. Na buga wa Malama Rifkatu tana makaranta, baiwar Allah ta ce in sake kira bayan an tashi, ta tafi da wayar har ƙofar gareji. Na ce wa Baba halittun nan a teku suka rayu, a teku suka mutu, a ƙasan teku laka ta rufe su.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, “A littafi ka karanta, ko ka gani da idonka?”

Na ce na gani. Na hau dutsen da ƙafata, na riƙe bawon katantanwa a hannuna, na leƙa madubi na ga halittun.

Ya ce, “To me ya sa ka ce min manyan dabbobi?”

Na ce lokacin ba a zo wurin ba a karatu.

Ya ce, “To ka daina ba da amsar abin da ba a zo wurinsa ba.” Sannan ya ce yanzu kam zai iya zuwa wurin liman, amma kada in kwance kayana tukuna, sai abin da liman ya ce.

A haka na rubuta jarrabawar, akwatina a ɗaure a ƙarƙashin gado. Hala ta lura da akwatin, ta daina yi min magana sai da harara, tana kuma ƙara min nama a miya. Mustafa yana ta ba ni tabbaci, amma ni na san Baba, kuma ban san yadda zai kai tambayar ba. In ya fara da kalmar nan tawa, wa ya san inda za ta tsaya?

Ranar Juma'a ina bugawa aka ɗauka, kuma tun daga sallama na gane, don sai da na janye wayar daga kunnena. Muryar ta dawo da ƙarfinta. Ya ce ya samu liman shi kaɗai bayan azahar ya faɗa masa komai. Liman ya yi dariya har ya cire tabarau yana goge ido, ya ce ko da na tudu ne, abin da ya rikiɗe ya zama wani abu daban malamai sun yi magana a kansa, balle na teku da babu ko saɓani. Ya kuma yi masa faɗa a kan ya riƙe abu irin wannan shi kaɗai, ya ce in yaron ya dawo a turo shi ya yi wa mutane bayani. Ina jin Inna daga gefe tana cewa a gaya min an kunna risho, Malama Rifkatu na dariya.

Na ce, “To Baba, kayan nawa fa?”

Ya ce, “Kwance su. Ka zauna ka karanta shi har ƙarshe, ka karanta da kyau.” Sai ya rage murya, na ji alamar ya matsa daga inda matan suke. Ya ce, “Akwai abin da ko Innarka ban gaya wa ba. Tun ranar da ka faɗa min maganar nan nake rama salloli. Na fara daga ranar da na fara kama sitiyari, kullum in rama abin da na iya. Na kai shekarar da aka haife ka.”

Na tambaye shi me liman ya ce a kansu.

Ya ce, “Liman ya ce ba su faɗi ƙasa ba, sun zama nafila. To na roƙi Allah, albarkacinsu, Ya buɗa maka karatun nan.”

Na ce amin, na ƙara cewa amin.